Yadda Toza Ya Samu Gada

A garinmu na bakin kogin Tisa, in sanyi ya kama har ruwan kwata ya daskare, abu biyu ne ba sa saɓa alkawari: ciwon gwiwa da hankaki. Hankakin daga arewa suke zuwa, baƙaƙe ƙirin, babu ko ɗigon fari a ƙirjinsu. Da rana sukan watsu kiwo a gonaki, da yamma su dawo ayari-ayari su kwana a dogayen bishiyoyin bayan tsohuwar masana'antar sukari. Masu hankali in sun ji kukansu sai su rufe taga. Mu kuwa 'yan ƙungiyar kallon tsuntsaye sai mu rataya madubin hange, mu fita mu tsaya cikin dusar ƙanƙara muna ƙirga su, kamar wani ya aike mu.

Lokacin da wannan labari ya faru, shekara talatin da takwas ke nan ana wannan ƙirga, ranar Asabar ta uku a watan Janairu, ba a taɓa fashi ba. Kowa da matsayinsa a gefen gari. Ayari in ya tsallake kanka sai ka ƙirga goma-goma, bakinka a rufe, sa'an nan ka kai wa Kawu Jefta mai gyaran agogo ya rubuta a babban littafi. Mu goma sha huɗu muka fara. Yanzu mu bakwai ne, sauran suna maƙabarta, inda ba a jin sanyi.

Matsayin da ya fi kowanne daraja shi ne kan gada, don ta nan babban ayari yake wucewa. Shekara goma sha tara Gwaggo Leposava ce a kai, tsohuwar malamar lissafi, da 'yar kujerarta da fulas na shayi. Matsayin da ya fi kowanne wulaƙanci kuwa bayan maƙabarta ne, kuma nan aka ajiye Toza.

Sunansa na yanka Svetozar, amma ko matarsa ta manta. Shekara talatin da huɗu ya yi yana duba tikiti a jirgin ƙasa, kuma da ya ajiye aiki ya shigo ƙungiya da madubin da ya fi na kowa tsada, da hular fatar rago da ya gada wajen ubansa, da bakin da ba ya gajiya. A sanyinsa na farko ya buga waya ko'ina cewa ya ga farar mujiyar ƙasar ƙanƙara a kan turken lantarki. Mota uku suka zo daga birnin Novi Sad. Aka yi sanɗa, aka kafa madubai, aka riƙe numfashi minti arba'in, sai iska ta kaɗa, mujiya ta buɗe, aka karanta sunan kantin magani a cikinta. Leda ce. A ƙirgar da ta biyo baya kuma ya kawo hankaki sittin da uku, Kawu Jefta ya cire goma sha ɗaya don tantabaru ne.

Saura mako uku a yi ƙirga, muna zaune a shagon Kawu Jefta ana rabon matsayi, sai Toza ya miƙe ya buga tebur har agoguna suka yi kuka.

Ya ce, "Jama'a, wannan abin da kuke yi ba ƙirga ba ce, duba ne! Goma-goma? Wa ya ce muku goma ne? Ni da na ƙirga fasinja daga nan har Subotica, ko wanda ya ɓuya a bayan gida bai taɓa kuɓuce mini ba!"

Gwaggo Leposava ba ta ɗago daga saƙarta ba. Ta ce, "Fasinjan naka suna tashi sama?"

"Ai nan ne kuskurenku, Gwaggo. Kuna ƙirga su a sama. Ni zaunar da su zan yi. Kowane hankaka da kujerarsa, in bi su ɗaya bayan ɗaya."

Kawu Jefta ya cire gilashin gyaran agogo daga idonsa, ya dube shi da kyau. Ya ce, "Toza, ka karya kumallo yau?"

"Na karya, Kawu. Abu ɗaya nake nema. In na kawo lissafi cif-cif, ba ƙari ba ragi, a ba ni gada."

Gwaggo Leposava ta ƙarasa layin saƙarta tukuna.

Ta ce, "In ka kawo, har kujerar zan bar maka. Fulas ɗin dai nawa ne."

Dabarar Toza ga ta. A tsallaken kogi akwai filin ƙwallo, a kan hanyar hankaki. Zai ja layuka da toka a kan dusar ƙanƙara, ya raba filin gida ɗari. Kullum da la'asar zai watsa musu abinci a cikin gidajen har su saba. Ranar ƙirga su sauka su zauna, shi kuma ya bi su da takarda. Abincin ma ya riga ya gano inda yake. A ɗakin ajiya matarsa Smilja tana da buhu biyu na orah, gyaɗar nan ta bishiya mai taurin ɓawo, da ta tara tun kaka saboda bikin waliyyin gidansu, ranar Yahaya Mai Baftisma, don ba a kai dafaffiyar alkama gaban limamin coci babu orah a ciki. Toza ya ce a ransa aro ne. Hankaki nawa ne za su ci buhu biyu?

Ranar farko ya yi awa uku yana jan layi, bayansa ya ƙage. Yana gama gida na ɗari dusar ƙanƙara ta sauko ta shafe aikin ƙaf. Rana ta biyu ya sake ja. Hankaki tara suka sauko, suka yi masa kallon ƙurilla, babu wanda ya shiga gidan da aka tanadar masa. Kowa ya ɗauki orah ɗaya ya tashi. Toza ya bi su da madubi, ya ga sun tsallake kogi sun yi sama, sun sako orah ɗin a kan kwalta don ya fashe. Wanda bai sami kwalta ba ya sami rufin mota.

Rana ta huɗu suka zo su ɗari biyu. Rana ta shida ba ya iya ganin layin tokarsa. Da ya ga buhu yana ramewa sai ya haɗa da masarar kajin Smilja. Ya zo shago yana taƙama.

Ya ce, "Na maishe su sojoji! Da na busa usur sai su taru."

Gwaggo Leposava ta ce, "Ba usur ɗinka ba ne. Hankaka in ya ga ɗan'uwansa ya sauka sai ya sauka, ko da ba zai samu komai ba. Kamar mutanen gari ne a wajen gobara. Kuma ka sani, ba sa manta fuska."

Toza ya shafa gashin baki. Ya ce, "Irin wannan fuska wa zai manta da ita?"

Ba su manta ba kuwa. Ranar Talata da safe ya buɗe ƙofa, ya tarar da su jere a kan katangarsa, da wayar lantarki, da rufin maƙwabcinsa Pishta wanzami, duk sun zuba wa ƙofar ido. Ya tafi sayen burodi, suka raka shi. Ya shiga gidan waya, suka jira shi a waje. Ya je jana'izar wani tsohon direban jirgi, suka cika bishiyoyin coci suna ihu, har limami ya tsayar da addu'a ya ce wanda ya zo da baƙi ya fita da su.

Da ya dawo, Pishta yana jiransa a bakin shinge da zanin gado a hannu.

Pishta ya ce, "Maƙwabci, zo ka taya ni karatu, kai ne masanin tsuntsaye. Wannan zanin da safe fari matata ta shanya shi. Yanzu ga shi kamar taswira. Wane tsuntsu ne ya zana?"

"Sadaukarwa ce saboda ilmi, maƙwabci."

"To ilmin nan ya hau rufina. Tun asuba ake jifana da orah, kwararam-kwararam! Jiya ina aske wa mutum gemu aka sako ɗaya, saura ƙiris in raba shi da kunne. Kai ko kunya ba ka ji? Mutane suna kiwon kaji, kai kana kiwon annoba!"

"Za ka yi alfahari da ni ranar Asabar."

"In na kai Asabar da rufi."

Kashegari Toza ya ga fita ta gagara, sai ya yi dabara. Ya ajiye hular rago, ya ɗaura ɗankwalin Smilja, ya saka doguwar rigarta ta sanyi, ya ɗauki kwando, ya fita ta ƙofar baya yana ɗingishi. Bai yi taku goma ba wani tsohon hankaka mai karyayyen gashin fiffike ya sauka gabansa, ya karkata kai, ya leƙa ƙarƙashin ɗankwali, ya yi kuka ɗaya. Unguwa ta amsa. Pishta kuwa yana ƙofar shagonsa da masu jiran aski huɗu.

Ya cire hula ya rusuna. "Barka da fitowa, Gwaggo! Shigo in rage miki gashin bakin nan, ya fara yawa."

Ranar Alhamis asiri ya tonu. Smilja ta jiƙa alkama, ta shiga ɗakin ajiya da kwano, ta fito da buhu biyu a hannu ɗaya, tana kaɗa su kamar tsumma.

"Kai tsoho! Ina orah ɗina?"

"Ɓeraye, Smilja. Bana sun yi yawa."

"Ɓeraye suka kwance bakin buhu suka sake ɗaurewa? Da irin ɗaurin ma'aikatan jirgi?"

"Suna koyo."

"Ran Litinin limami zai zo, da 'yan'uwanka goma sha bakwai, in ba su alkama tsura kamar abincin doki? Shekara arba'in da ɗaya ban ji kunya gaban waliyyi ba! Ga kajina sun koma kamar tsintsiya!" Ta kulle ɗakin ajiya, ta rataya mabuɗi a wuya. "Ko ƙwayar gero ka sake fitar da ita daga gidan nan, ka je hankakin su dafa maka."

Da wani mutum ne, da nan zai tsaya. Toza ya kwana biyu yana bin kwalta da kwando yana tsince ɓawon orah da hankakinsa suka fasa. Ya dama fulawa, ya zauna a rumfar itace yana manna ɓawo biyu-biyu, har ya cika buhu. Ya ɗaga ɗaya ya duba a haske, ya yaba wa kansa. Ko Smilja ba za ta gane ba, balle tsuntsu. Kafin su gane babu komai a ciki ai ya gama ƙirga.

Asabar ta zo da sanyi mai yanka kunne. Ƙarfe uku kowa ya kama matsayinsa. Toza ya bar bayan maƙabarta babu kowa, ya tafi filin ƙwallo sanye da tsohuwar rigar aikinsa mai maɓallan tagulla, wadda ba ta rufe cikinsa yanzu. Ya riga ya gayyaci gari: wani ɗan jarida da na'urar hoto, da 'yan kwana-kwana da ba su da aiki ran nan, da Pishta da ya rufe shago musamman ya zo da laima, ko da yake babu hadari.

Toza ya hau benci ya yi jawabi. "Jama'a, yau za a daina ƙiyasi a garin nan! Gida ɗari ne. Kowane gida zan bi shi da kaina. Wanda ya yi motsi ya ɓata mini lissafi, ni da shi!"

Pishta ya ce, "Ka faɗa wa fasinjan, mu a tsaye muke."

A can gefen gari kuwa hankalinmu ya tashi. Mai tsaron layin dogo bai ga hankaka ko ɗaya ba. Mai tsaron kasuwar dabbobi haka. Kowane ayari ya bar hanyar kakanninsa ya nufi filin ƙwallo. Kawu Jefta yana tsaye gefen Gwaggo Leposava a kan gada, littafi a ƙirji.

Ya ce, "Leposava, shekara talatin da takwas. Yau zan rubuta babu?"

Ta zuba shayi a murfin fulas. Ta ce, "Rana ba ta faɗi ba tukuna."

Ƙarfe huɗu saura kwata sama ta yi baƙi a kan filin. Toza ya busa usur, ya buɗe buhu, ya shiga watsa ƙwaya gida-gida. Suka sauko kamar an zazzage gawayi daga sama. Layin toka ya ɓace, fili ya ɓace, ragar gola ta ɓace. Ya ciro takarda ya fara.

"Ɗaya, biyu, uku... kai, zauna! Huɗu... na ƙirga ka ɗazu, koma gidanka! Biyar..."

A kan na bakwai ne tsohon hankakan nan mai karyayyen gashi ya ɗauki ƙwaya ɗaya. Bai tashi da ita ba. Ya auna ta a baki, ya girgiza, ya ajiye. Ya ɗauki wata, ya auna, ya ajiye. Duk wanda ya yi shekara biyu yana kallon hankaki ya san ba sa ɗaukar orah sai sun ji nauyinsa. Toza ya yi shekara uku, amma yawancinsu magana yake yi.

Dubban kawuna suka juyo gaba ɗaya, suka dubi Toza, suka dubi buhun da ke kafaɗarsa.

Toza ya ce, "To, 'yan'uwa, a yi haƙuri, an samu ɗan jinkiri..."

Tsohon hankakan ya yi kuka ɗaya.

Pishta ya buɗe laima. 'Yan kwana-kwana suka shige ƙarƙashin benci. Ɗan jarida ya ɗauki hoto ɗaya kafin wani abu ya rufe masa gilashi. Wani hankaka ya fizge usur, wani ya tafi da takarda, biyu suka kama hular rago suna ja. Toza ya dafe hula da hannu ɗaya, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Da ya jefar da buhun da ya huta, amma buhun Smilja ne, kuma tsakanin hankaki da Smilja ya san wanda ya fi tsoro.

Hanyar gida ɗaya ce, ta kan gada. Ya hau ta yana haki, maɓallai suna tsalle, riga ta koma dabbare-dabbare, hankakin duniya duka a bayansa, sun jeru layi ɗaya siriri bisa faɗin gada, ba wanda yake son ya kauce daga buhu.

Ya yi ihu, "Gwaggo! Kawu! A taimaka!"

Gwaggo Leposava ta ajiye shayi, ta ɗaga kai sama, leɓenta yana motsi. Ba ta dube shi ba. Da ya zo daidai kujerarta sai ta karya ƙa'idar shiru, karo na farko cikin shekara goma sha tara.

Ta ce, "Rage gudu, Toza. Kana haɗa mini goma biyu."

Ya rage, don dama numfashinsa ya ƙare. Haka ya ratsa gada yana sassarfa, jama'ar gari cike da bakin kogi suna tafi, Pishta yana biye daga nesa da laima yana kira, "Tikiti! A nuna tikiti!" Minti ashirin da shida ayarin ya ɗauka yana wucewa. Da rana ta faɗi suka gaji da shi, suka yi masa sallama ta ƙarshe a kan hula, suka tafi bishiyoyinsu.

Muka taru a shago. Masu matsayi huɗu suka kawo babu. Gwaggo Leposava ta kawo dubu goma sha takwas da ɗari huɗu da talatin. Kawu Jefta ya duba shafukan baya, ya share ido. Ya ce tun da aka fara ba a taɓa samun ƙirga mai tsabta haka ba, don yau babu hankakan da mutum biyu suka ƙirga, babu wanda ya zame ta bayan gari.

Toza yana zaune kusa da murhu, kowa ya ba shi fili saboda wari. Kawu Jefta ya ɗaga alƙalami.

"Kai nawa ka samu?"

Toza ya dubi takalminsa. Ya ce, "Bakwai, Kawu. Amma bakwai ɗin cif-cif ne."

Ranar Litinin an yi bikin waliyyi da orah. Gwaggo Leposava ce ta aiko da rabin buhu daga bishiyarta, da sharaɗi ɗaya, kuma Smilja ta amsa a madadin mijinta ba tare da ta tambaye shi ba. Tun daga shekarar, duk Asabar ta uku a watan Janairu, ƙarfe huɗu saura kwata, Toza yakan tsaya a filin ƙwallo da buhu a kafaɗa da tsohuwar rigar ruwa, in hankaki sun taru sai ya ratso gada da su, a hankali, yadda Gwaggo take so. Sauranmu mukan zauna a bakin kogi da shayi, gwiwoyinmu suna sa masa albarka.

A babban littafi, a layin gada, Kawu Jefta yakan rubuta da kyakkyawan hannunsa: Leposava, ƙirga. Toza, buhu.

Bara wani baƙo daga Novi Sad ya tambaye shi matsayinsa a ƙungiya. Toza ya gyara hular rago, wadda ba ta taɓa komawa launinta ba, ya bugi ƙirji.

Ya ce, "Ni ne a kan gada. Na ce sai na same ta, na kuwa same ta."

Daga cikin shagon aski Pishta ya leƙo. "Faɗa masa kujerar fa, maƙwabci."

Toza ya ce, "Kujera ta masu ciwon gwiwa ce. Mu manya wucewa muke yi."